Daga Tawa zuwa Yamai, don a leƙa hanjina

Tun kafin kiran sallar farko babban ɗana ya sauke ni a tasha, sanyin Disamba yana ratsa ƙashi. Fasinjoji duk sun duƙunƙune cikin rawuna da mayafai, mai shayi kaɗai ke da baki. A aljihun gaban rigata akwai wata takarda da na ninke gida huɗu, wadda likita ya rubuta mini kwana tara kafin nan. Ban da uwargidana babu wanda ya san abin da ke ciki. Abokan aikina a makaranta na ce musu hutun ƙarshen shekara zan yi wajen ɗan yayana a Yamai. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi duka ba.

Wata huɗu ke nan ina ganin jini in na kewaya. Ba kullum ba, kuma ba da yawa ba. Cikina ma ya sauya hali, kwana biyu a ɗaure, kwana biyu a sake. Abin da kowane Bahaushe zai ce shi na ce wa kaina: basir ne. Ranar Lahadi na bi ta bayan kasuwa na sayi sassaƙe wajen wani mai magani, na jiƙa a kwalba, ina sha safe da yamma. Na haɗa da ƙwayoyin ƙarin jini da na sayo da kaina. A ƙasarmu duk abin da ya fito ta ƙasa sunansa basir, kuma sunan nan yana da daɗin faɗi, domin yana rufe magana. Kana cewa basir, sai kowa ya gyaɗa kai ya kawo maka sunan wani itace, ba mai sake tambaya.

Haka muka yi wa yayana, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu yana shan jiƙo, yana ramewa, wando yana zame masa, mu kuwa muna cewa basir ne mai cin jiki. Lokacin da muka kai shi Yamai yana da shekara 56, kuma ciwon daji na babban hanji ya riga ya kai ga hanta. Bai cika shekara ba bayan nan. Ni na riƙe kansa a mota da muka dawo da shi gida. Duk da haka da jinin ya zo kaina, kwalbar jiƙo na fara nema. Kunya da tsoro in suka haɗu a zuciyar mutum, karatunsa ba ya hana shi komai.

Uwargidana ce ta ga kwalbar a bayan tukunyar ruwa. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Malam, wagga kwalba na san ta, irinta munka gani ɗakin Yaya." Washegari na tafi asibiti.

Likitan da na samu a Tawa yaro ne, bai fi sa'ar ɗaliban da na koyar ba. Ya saurare ni, ya sa safar hannu ya duba ni da yatsa, sannan ya tambaya ko a danginmu an taɓa yin irin wannan ciwo. Da na ba shi labarin yayana sai ya ajiye biro. Ya ce, "Malam, basir ɗin akwai shi, na taɓa shi. Amma yatsana iyakarsa bakin ƙofa, babban hanji kuwa ya kai mita ɗaya da rabi. Shekararka 52, ga jini, ga ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da wannan ciwo ya ɗauka. Ba zan ba ka magani in ce ka tafi gida ba." Ya rubuta kalma ɗaya da Faransanci, koloskopi, wadda masu Ingilishi ke kira kolonoskopi. Ya ce in tafi Yamai in nemi likitan ciki da hanji, kuma daga ranar in daina shan ƙwayoyin ƙarin jinin nan, domin suna baƙanta hanji su hana a gani da kyau.

Daga Tawa zuwa Yamai kilomita 550 ne ko kusa da haka. Gari ya waye mana bayan Badagishiri. A Tsarnawa muka hau babbar hanyar da ta fito daga Damagaram da Maraɗi, gefe da gefe garake na albasa sun yi kore shar, masu ban ruwa sun riga sun fito. Ƙonni kamar kullum, masu canjin naira da masu mai a kwalabe, kan iyaka ga ta nan kusa. A kowane shingen jami'an tsaro mu sauka mu nuna katin ɗan ƙasa mu koma. Wani dattijo da ke kusa da ni, ɗan kasuwar dabbobi ne, ya tambaye ni abin da zai kai ni birni. Na ce asibiti. Ya ce, "Mi ad damuwa?" Na ce ciki. Nan take ya soma lissafa mini saiwoyi, kuma na san da zuciya ɗaya yake yi, kamar yadda mu ma da zuciya ɗaya muka yi wa yayana. Na yi masa godiya, na juya ina kallon dutsen Dogon Dutsi ta taga. Daga can zuwa Doso sai Zabarmanci ya fara rinjayar Hausa a bakin ƴan talla. A wajen Kure yaran da ke cikin motar suka manne da gilashi ko za su hango raƙuman dawa. La'asar ta yi mana a Yamai.

Ɗan yayana yana haya a Bukoki, ɗaki ciki da falo, a gidan da iyali biyar ke zaune, makewayi biyu ne na kowa da kowa. Tun da na shiga gidan idona ya sauka a kan ƙofofin nan biyu na kwano. Da daddare na ciro takardar na miƙa masa. Ya karanta, ya daɗe bai ɗago ba. Shekararsa 25 lokacin da ubansa ya rasu, shi ya riƙa kwana da shi a asibiti. Da ya ɗago sai ya ce, "Baba, gobe da safe za mu fara, zan ɗauki izini wurin aiki."

Ni a zatona a Yamai kana nuna takarda za a ce maka shiga nan. Birnin yana da manyan asibitoci: babban asibitin ƙasa da ke tsakiyar gari, da na Lamorde a Harobanda, hayin kogi, wanda yanzu ake kira Amirou Boubacar Diallo, da sabon babban asibitin da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2016, ga kuma cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, wato kansa. Ban da su akwai kilinik masu zaman kansu birjik. Amma yawan gini daban, samun wanda zai yi maka wannan aiki a ranar da kake buƙata daban. Kwana uku muka yi muna yawo.

Wurin da muka fara zuwa wani ƙaramin kilinik ne da wani maƙwabci ya kwatanta mana. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta ce eh suna yi, in zo gobe ba tare da na karya ba, minti goma an gama. Har na ji daɗi. Ɗan yayana ne ya sake tambaya, "Ba wani magani da zai sha kafin nan?" Sai ta sake duba takardar ta ce af, ita ta ɗauka fibroskopi ne. Wannan ta baki ake sa shi, tumbi yake dubawa, bai da alaƙa da abin da aka aiko ni. Akwai kuma wani gajeren dubawa da ake yi ta ƙasa, wanda bai wuce ƙarshen hanji ba. Duk wanda zai je neman wannan aiki ya riƙe bambancin nan da kyau, don mutum na iya biyan kuɗi ya koma gida da murna alhali inda ciwon yake ba a kai ba. Wuri na biyu suna da na'urar amma ta lalace, ana jiran kayan gyara daga waje. A wani asibitin gwamnati muka tarar da layi tun daga baranda har gindin bishiya, mutanen Zindar da Agadas da Gaya, kowa da ambulan ɗin takardunsa. Manjo ɗin, wato babban ma'aikacin jinya na sashen, ya karɓe mu da mutunci, ya buɗe rajista ya nuna mini da yatsa: randebu mafi kusa sai bayan mako shida. Hutuna kwana goma sha biyu ne.

A farmasi muka samu bakin zaren. Mun shiga sayen maganin ciwon kai, sai ɗan yayana ya tambayi mai farmasin, wani dattijo mai furfura, ko ya san likitan da ke yin koloskopi. Mutumin ya ce ai su ne ke sayar da maganin wankin hanjin, saboda haka sun san hannun waɗanda ke yawan rubuta shi. Ya ba mu sunaye biyu, ya ce dukansu gastro ne, wato likitocin ciki da hanji, da safe suna asibiti, da yamma suna ganin marasa lafiya a kilinik. Tun daga ranar nake gaya wa mutane, in kana neman ƙwararren likita a garin da ba naka ba, tambayi mai farmasin da ya daɗe a unguwa.

Ƙarfe biyar na yamma muka shiga wurin likitan. Mutum ne mai sanyin magana, Hausarsa da ɗan gargada amma yana ƙoƙari, in ta ƙare masa ya koma Faransanci. Bai bar ni cikin duhu ba. Ya ɗauko takarda ya zana mini babban hanji, yadda ya taso daga ƙasan ciki ta dama, ya haura, ya gitta ƙarƙashin haƙarƙari, ya gangaro ta hagu. Ya ce abin da zai sa tiyo ne mai laushi, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Zai bi hanjin har ƙarshensa yana hura iska don ya buɗe, sannan ya dawo a hankali yana duba kowane lungu a allo. Abin da yake nema shi ne polip, wani ɗan tsiron nama da ke fitowa a bangon hanji. Yawancinsu ba sa ciwo, ba sa nuna wata alama, amma wasu daga cikinsu su ne ke rikiɗewa su zama kansa, kuma sukan ɗauki kamar shekara goma kafin su rikiɗe. In ya gan shi, nan take zai zarga masa wata ƴar waya ya yanke. Da ya faɗi shekara goman nan sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Shekara goma abin yana zaune a cikin yayana, ƙarami, ana iya cire shi cikin ƴan mintuna.

Na zo da tambayoyina a rubuce, irin na malamin makaranta. Shi da kansa zai yi ko wani? Shi. In ya ga polip zai cire a lokacin, ko sai na sake dawowa? Zai cire, sai in ya yi girman da ke buƙatar tiyata. Ido biyu ko da barci? Ya ce ana yin duka biyun, amma da allurar barci ya fi sauƙi gare ni da shi, sai dai kuɗin ya ƙaru kuma dole in ga mai allurar tukuna. Yaya ake wanke tiyon tsakanin mutum da mutum? Bai ji haushi ba, ya bayyana mini yadda ake goge shi ciki da waje a jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta. Haɗari fa? Ya ce akwai, ba zai ɓoye mini ba: wurin da aka yanke polip kan yi jini, kuma hanji kan huje, amma hujewar ba ta kai mutum ɗaya cikin dubu ba. Batun kuɗi kuwa, ya kamata mutum ya nemi a lissafa masa komai tun farko, domin ba a dunƙule yake ba. Ganin likita daban, awon jini daban, mai allurar barci daban, aikin kansa daban, maganin wanki daban, in an ciro nama kuma awonsa daban. Da na tara nawa, fiye da rabin albashina na wata ya tafi. Na san mutane da yawa a ƙauyukan Adar da wannan lissafi kaɗai zai mayar da su gida, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Saura tambaya ɗaya da ban rubuta ba, ita ce kuma ta fi nauyi. Na yi ta juya hulata. Shi ya gane, ya ce, "Alhaji, za a rufe ka da zane, inda ake aiki kaɗai zai fito. Idona yana kan allo." Ma'aikaciyar jinyar da ke gefe, wata dattijuwa ƴar Maraɗi, ta ƙara da cewa, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ba da wasa ta faɗa ba, kuma na ji ta.

Aka ba ni ranar Alhamis ƙarfe goma na safe. Mai allurar barci ya auna hawan jinina, ya tambaye ni ko ina da ciwon suga ko na zuciya, ko ina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko wani magani ya taɓa ɓata mini jiki. Masu irin waɗannan magunguna ba da kansu za su dakatar ba, likita ne zai tsara musu. Ya ce lalle in zo da ɗan rakiya, kuma ranar ba tuƙin mota ko babur.

Duk wanda ya yi wannan aiki zai gaya maka wahalar ba a ɗakin likita take ba, a gida take. Kwana uku kafin ranar aka hana ni duk abin da ke barin tsaki a hanji: ba fura, ba wake, ba zogale, ba kuɓewa, ba riɗi, ba gyaɗa, ba dabino, ba kayan lambu ko ƴaƴan itace. Farar shinkafa, farin burodi, makaroni, ƙwai, kifi ko kaza ba kayan miya. Ga mutumin Tawa, kwana uku ba fura abu ne mai nauyi. Cukun da kilishin da uwargidana ta ba ni tsaraba sai kallo. Ranar Laraba daga hantsi abinci ya ƙare gaba ɗaya, sai ruwa, da shayi ba madara, da romo da aka tace tas. An ja mini kunne kan bisap da duk wani abin sha mai ja, don kada launinsa ya yi kama da jini a idon kyamara.

Maganin wankin Fortrans ne, fakiti huɗu, kowane fakiti a narka shi cikin lita ɗaya ta ruwa. Lita biyu daren Laraba, lita biyu da asubar Alhamis, a gama da sauran sa'o'i kafin aiki. Tun rana nake tunanin ƙofofin kwanon nan biyu da iyali biyar. Ashe ɗan yayana ya riga ya zaga gidan ya gaya wa maƙwabta cewa babansa zai sha maganin wankin ciki na asibiti. Da na ji, fuskata ta yi zafi. Amma da magariba na fito sai na tarar an bar mini makewayi ɗaya ni kaɗai, an share shi, an rataya fitila. Wata baiwar Allah Bazabarma, wadda ko gaisuwarmu ba ta wuce kalma uku ba, ta cika bido biyu da ruwa ta ajiye a bakin ƙofar tare da sabuwar buta, ko da famfo zai ɗauke. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya yi magana. Kunyar da na ɗauko tun daga Tawa, a tsakar gidan nan ta ragu.

Na yi sallar isha da wuri, na fara sha. Ɗanɗanonsa gishiri-gishiri ne da ɗan zaƙi, kofin farko ba laifi, na biyar sai da na rintse ido. Abin da ya taimake ni: an sanyaya shi, kuma kofi ɗaya kowane minti goma zuwa sha biyar, ina kai da kawo a tsakar gida. In tashin zuciya ya taso in dakata kaɗan in ci gaba. Bayan kamar sa'a ɗaya ciki ya motsa, daga nan ban ƙara lissafi ba. Ba murɗa mai tsanani, ruwa ne kawai ke wucewa, amma wurin yakan yi zafi, shi ya sa man basilin ke da amfani. Sanyi ya kama ni sosai, na lulluɓa da bargo tsakanin fita da fita. Na gode Allah da abin ya zo a hunturu. A zafin watan Afrilu na Yamai, mai wannan wanki sai ya ninka shan ruwa.

Ɗan yayana bai kwanta ba. Yana zaune bakin ƙofa da waya a hannu yana karanto mini abin da ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon daji na babban hanji shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji, na biyu wajen kisa, kuma a 2020 mutum sama da miliyan 1.9 suka kamu, fiye da 930,000 suka rasu. A Faransa duk mai shekara 50 zuwa 74 ana kiransa awon bayan gida kowace shekara biyu, ko lafiyarsa ƙalau. Amurka ta sauko da shekarun farawa zuwa 45 a 2021. Mu kuwa sai mun ga jini, jinin ma sai mun ba shi wata da watanni. Ya yi shiru, can ya ce, "Da Baba ya samu wanda ya aiko shi kamar yadda aka aiko ka." Ban sami abin ce masa ba.

Ƙarfe huɗu na tashi na ƙarasa lita biyun. Zuwa wayewar gari abin da ke fita ruwa ne garau mai ɗan rawaya, kamar fitsari, alamar da likita ya ce in duba ke nan. Ya gaya mini tun farko cewa in wankin bai yi ba, ƙananan polip ɓoyewa suke, wani lokaci sai an sake komai daga farko. Saboda haka ko kofi ɗaya ban rage ba.

A kilinik aka ba ni riga mai buɗaɗɗen baya da zane. Na kwanta ta gefen hagu, gwiwoyi a naɗe zuwa ƙirji. Aka sa mini allurar ruwa a bayan hannu, aka maƙala wani abu a yatsana, na'ura tana ƙara daidai da bugun zuciyata. Mai allurar ya nuno mini sirinji da wani farin magani kamar madara, ya ce zan ji ɗan zafi a hannu. Na ji zafin yana hawa. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu, ban san inda na tsaya ba.

Muryar dattijuwar nan ce ta tashe ni. "Baba, an gama, sannu." Na tambaye ta yaushe za a fara. Ta ce ai minti arba'in ke nan da wucewa. Ban ji komai ba, ko kaɗan. Cikina dai ya kumbura da iska, ta ce kada in riƙe, in bar ta ta fita, nan kowa haka yake yi. Bayan sa'a ɗaya na sha shayi na ci burodi.

Likita ya kira mu tare. Ya ajiye hotuna masu launi a kan tebur, ya nuna mini cewa ya kai har ƙarshen hanjin, kuma wankin ya yi kyau. Sannan ya ɗora biro kan hoto ɗaya: wani ɗan abu ja mai wuya, kamar ƙwayar wake, a gefen hagu. Milimita 12. Kusa da hannunsa ga wata ƴar kwalba da abin a ciki, yana yawo a ruwan magani. Na daɗe ina kallonsa. Ya ce jinin da nake gani mai yiwuwa yawancinsa daga basir ɗin ne, domin shi ma yana nan. Wannan kuwa zaune yake shiru. Da na tsaya kan cewa basir ne, da ban yi kuskure ba, da kuma wannan yana nan yana girma. Ya ce za a kai shi ɗakin awon nama, sakamako sai bayan mako biyu zuwa uku. In na ga jini mai yawa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, in nemi asibiti ba jira, ko da bayan kwanaki ne. Ya so in ƙara kwana biyu a Yamai kafin in hau doguwar hanya, na kuwa yi haka.

Har mun miƙe sai ya juya ga ɗan yayana ya tambayi shekarunsa. Ya ce 31. Likita ya ce wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo ba ya jiran shekarun da sauran mutane ke jira. Yana farawa a shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. In kuma ya ga wata alama, ba ya jiran ko ɗaya. "Kai da ƙannenka duka, maza da mata," in ji shi. Yaron ya ce to. A taksi ya rubuta a wayarsa.

Jajibirin tafiyata muka je bakin kogin Isa da yamma, kusa da gadar Kennedy. Ruwa ya cika, masu kwale-kwale suna ta haye, ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni suna komawa Harobanda a ƙafa. Muka sayi fura wajen wata Bafulatana, na sha a hankali. Muka yi hirar yayana, karo na farko tun rasuwarsa da muka kira ciwon da sunansa.

Ina aji ranar da sakamakon ya fito, kwana goma sha tara bayan nan. Ɗan yayana ya karɓo ya turo mini hotonsa ta WhatsApp, sannan likita ya kira ni da kansa. Ba kansa ba ne, amma irin polip ɗin da ke iya zama ne, kuma an cire shi duka. Saboda girmansa ya haura santimita ɗaya, in koma bayan shekara uku. Na rubuta watan da shekarar a bangon littafin da nake ajiye takardun gida.

Mu shida mahaifiyarmu ta bari, yanzu saura biyar. Ranar Juma'a bayan an sauko na tara su a zauren gidanmu, na ajiye hotunan a kan tabarma. Ƙanwata ta biyu ta ɗauki mai jan abin nan ta kai kusa da ido, ta juya shi, ta ce, "Yaya, wanga ɗan abu?" Na ce shi. Ta ajiye, ta tambaye ni nawa ne kuɗin mota zuwa Yamai yanzu, kuma ko likitan yana da mace a cikin ma'aikatansa.